Injin wanke kwanuka da ruwan Sakkwato: bitar aikin wani shagon gyara

Injin wanke kwanuka bai zama ruwan dare a gidajen Sakkwato ba tukuna, amma ya fara shiga, musamman a sababbin gidajen da ake ginawa a wajen Arkilla da Bado, inda ake tsara kicin na zamani tun daga zanen gida. Sayensa ba shi da wahala ga mai hali, domin ana yin oda daga Kano ko Abuja ko Legas a kawo shi har ƙofar gida. Abin da ya yi ƙaranci a garin nan shi ne mutumin da ya san cikin injin, wanda zai iya buɗe shi ya tsabtace shi ba tare da ya ɓalla wani abu ba. Wannan bita ce a kan aikin wani ƙaramin shago da ke cikin gari, na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki da injin wankin tufafi, waɗanda suka ƙara sabis ɗin injin wanke kwanuka a cikin ayyukansu. Hukuncina shi ne aikinsu ya cancanci kuɗinsa, kuma babban dalili shi ne mai gyaran ya fahimci ruwan da muke amfani da shi a nan, ko da yake akwai wuraren da suka gaza, waɗanda zan faɗa yadda na gan su.

Matsalolin da suka sa aka kira su gidanmu ba baƙi ba ne ga duk mai irin wannan inji. Kofunan gilashi sun fara fitowa da wani farin hazo da ba ya gogewa da tsumma, kwanukan da ke kwandon sama suna fitowa da busasshen ɓurɓushin abinci manne a jikinsu, wani wari yana tashi da zarar an buɗe ƙofa, sannan ruwa yana kwanciya a ƙasan injin fiye da yadda aka saba. Sun yi magana da maigida a waya aka tsayar da rana, kuma mai gyaran, wani dattijo mai natsuwa, ya zo tare da yaronsa ɗaya, suka yi sallama suka jira aka ba su izinin shiga. Na ambaci wannan ne domin aikin kicin aiki ne na cikin gida, kuma ladabin wanda zai shigo yana cikin abin da ake dubawa kafin a sake kiransa.

Kafin ya taɓa injin, tambayar da ya fara yi ita ce: "Hajiya, ruwan ga na famfo ne ko na burtsatse?" Da aka ce masa na burtsatsen gida ne, sai ya sa aka ɗebo kofi ɗaya, ya ciro wata siririyar takardar gwaji ya tsoma na ɗan lokaci, ya girgiza ta, ya jira launinta ya sauya, sannan ya gwada ta da jadawalin da ke jikin kwalbarta. Ma'aunin da yawancin injinan Turai suke bi shi ne na Jamus, wanda ake rubutawa da dH, kuma a wannan ma'auni ruwan da ya haura 14 ana lissafa shi cikin mai yawan sinadarin kalsiyam da maganiziyam. Namu ya wuce nan da tazara. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙasar da muke zaune a kanta, domin akwai shimfiɗar dutsen farar ƙasa a ƙarƙashin wannan yanki, kuma saboda ita ne aka kafa kamfanin siminti na Kalambaina tun 1962. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana narkar da shi kaɗan-kaɗan ya taho da shi, shi ya sa sabulu ba ya saurin kumfa a wasu unguwanni, kuma shi ya sa cikin butar lantarki yake yin farin ɓawo. Mai gyaran ya ƙara da cewa ba duk burtsatse ba ne ɗaya, domin ya danganta da zurfin da aka haƙa da kuma shimfiɗar da aka tarar, kuma ruwan famfo na gari, wanda ake jawowa daga kogi a tace, yakan bambanta da na rijiya. Saboda haka abin da maƙwabci ya saita a injinsa ba lallai ya dace da naka ba, sai an gwada.

A nan ne aikin nasu ya fi burge ni, domin daga wannan gwaji ya gano tushen matsalar. A ƙasan injin, kusa da filta, wato matatar da ke tare dattin abinci, akwai wani murfi mai zagaye da ake murɗewa, kuma ƙarƙashinsa akwai rumbun gishiri. Aikin wannan rumbu yana haɗe da wata na'ura da ke cikin injin, mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin roba waɗanda suke kama kalsiyam da maganiziyam daga ruwa kafin ya kai ga kwanuka da hita. Idan ƙwayoyin suka cika ba sa iya kama wani kuma, sai an wanke su da ruwan gishiri su saki abin da suka riƙe, kuma injin da kansa yake yin wannan lokaci-lokaci, gwargwadon matakin da aka saita masa. Wanda ya kafa mana injin tun farko ya bar saitin yadda ya zo daga kamfani, ya kuma ce dunƙulen sabulun nan mai haɗe da komai ya wadatar, ba sai an zuba gishiri ba. Maganar tasa gaskiya ce a inda ruwa yake da sauƙi, domin masu ƙera injinan da kansu suna cewa irin wannan sabulu yana iya wadatarwa har zuwa 21 a ma'aunin dH, amma bayan nan sai da gishiri. Dattijon ya leƙa rumbun ya ce: "Hajiya, injin ga bai lalace ba, gishiri ne bai taɓa samu ba." Ya cika rumbun da ruwa saboda karon farko ne, ya kafa mazurari ya zuba kusan kilo ɗaya, ya goge bakin ya ɗaure murfin sosai, sannan ya shiga cikin saitin injin ya ɗaga matakin zuwa wanda ya dace da sakamakon gwajin.

Ya yi gargaɗi uku a kan gishirin, kuma na ga ya kamata duk mai inji ya san su. Gishirin girki bai dace ba, domin yana da laushi, an kuma haɗa shi da aidin da sinadarin hana dunƙulewa, waɗanda kan toshe na'urar ko su rage mata ƙarfi, balle gishirin kasuwa na buhu da kan zo da yashi. Wanda ake so shi ne tsantsar gishiri mai manyan ƙwayoyi da aka yi musamman domin injin. Sannan duk lokacin da aka zuba, a kunna injin nan take ko da gajeren wanki ne, saboda ƙwayoyin da suka zube a ƙasa suna sa ƙarfen ya yi tsatsa idan suka kwana. Gargaɗin da ya fi jaddadawa shi ne kada a kuskura a zuba sabulu a wannan rumbu, domin hakan yana kashe na'urar gaba ɗaya, kuma ya ce ya taɓa ganin gidan da mai aiki ta yi haka da kyakkyawar niyya.

Daga nan ya koma kan filta. Ya jawo kwandon ƙasa waje, ya kama filtar ya murɗa ta hagu ta fito, sai ga shi ashe kashi uku ce: wata mai manyan ramuka a tsakiya, wata mai siririyar raga kamar rariyar tankaɗe da ke zagaye da ita, da kuma faffaɗan farantin ƙarfe mai huda-huda da suke zaune a kansa. Abin da ke jikin ragar ya nuna tarihin girkin gidan. Akwai jan maiƙo na manja da ya daskare ya toshe idanun ragar, akwai yauƙin miyar kuka da ya bushe ya zama fata-fata, akwai ƙwayoyin attarugu da ɓawon tumatir da 'yan ƙasusuwan kifi, kuma a can ƙasan ramin da filtar take zama akwai yashi mai laushi da ya kwanta. Yaron nasa ya jiƙa sassan a roba da ruwan zafi da ɗan sabulun wanke-wanke, ya bi su da tsohon buroshin haƙori a hankali, kuma na ji dattijon ya hana shi amfani da soson ƙarfe, yana cewa raga ɗaya ce, idan ta yage babu inda za a samo wata a garin nan. Da aka ɗaga ta a hasken taga bayan an ɗauraye, sai da haske ya ratsa kowane ido nata kafin ya yarda a mayar.

Bai tsaya nan ba. Bayan ya cire wutar injin daga bango, ya kwashe ruwan da ke cikin ramin da soso, ya buɗe ɗan murfin famfon da ke fitar da ruwa, ya sa yatsa a hankali ya juya farfelarsa, sai ya zaro guntun tsinken sakace da wani ɗan fasasshen gilashi, waɗanda su ne suke rage wa famfon gudu har ruwa yake kwanciya. Ya kwance hannayen fesa ruwa guda biyu, na sama da na ƙasa, ya bi hudojinsu ɗaya bayan ɗaya da tsinke, ya fitar da ƙwayoyin gero da na riɗi da farin ɓawon ruwa, sannan ya tara su a bakin famfo ya ga ruwa yana fita ta kowace huda. Hannun sama ne ya fi toshewa, wanda ya bayyana dalilin da ya sa kofuna da ƙananan kwanuka suke fitowa da datti. Robar bakin ƙofa ya goge ta da tsumma mai laima, har da lungun da ke ƙasan ƙofar, inda ruwan wanki ba ya isa kuma nan ne wari ya fi taruwa.

Wankin ƙarshe na cire ɓawo ne da maiƙo. Ya zo da kwalbar Finish ta wanke inji, mai cin mililita 250, wadda ake ɓare takardar bakinta kawai a bar murfin, a kife ta a kwandon ƙasa, a kunna injin babu komai a ciki a kan zafin da ya kai digiri 65 ko sama, domin sai da wannan zafi kakin da ke toshe bakin kwalbar yake narkewa maganin ya fito a lokacin da ya dace. Saboda ɓawon namu ya yi kauri, ya biyo da wani wankin da garin sitirik asid, irin wanda masu haɗa lemo da zoɓo suke saye. Na tambaye shi game da ruwan khal, wanda mata da yawa suke ba juna shawararsa, sai ya ce yin sa sau ɗaya ba zai kashe inji ba, amma yawan maimaitawa yana iya cin robobin da ke hana yoyo, kuma ƙarfinsa bai kai na garin ba. Na yarda da shi a nan, kuma na ƙara yarda da abin da ya faɗa bayan haka, cewa maganin kwalba ba ya maye gurbin wanke filta da hannu, domin babu ruwan maganin da zai narkar da tsinke ko ƙashin kifi.

Shawarwarinsa a kan abinci da kwanukanmu sun nuna cewa ya yi tunani a kan gidajen da yake shiga. An tsara waɗannan injina ne da abincin Turai a zuciya, kuma shirin da ake kira Eco, wanda yake wanki da zafin digiri 50 domin tsimin wuta, ba ya iya wa manja da man shanu da kitsen rago yadda ya kamata. Kitsen yakan narke a jikin faranti, ya je ya sake daskarewa a cikin tiyo da ramin famfo. Saboda haka ya ce a riƙa yin wanki mai zafin digiri 65 zuwa 70 aƙalla sau ɗaya a mako, kuma a ranakun layya kada a yi amfani da wani shiri sai shi. Ragowar tuwo, na shinkafa ne ko na dawa, a kankare shi da mara ko cokali kafin a jera kwano, domin idan ya jiƙe yakan zama kunu ya liƙe raga. Ɗauraye kwanuka tas kafin a saka su kuwa asarar ruwa ce kawai, kuma a garin da ake sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa wannan asara tana da nauyi, alhali injin na zamani yana gama wanki ɗaya da lita 10 zuwa 12, wato kimanin rabin jarka. Tukwanen dalma da maƙeranmu suke zubawa ba sa shiga inji, saboda sabulunsa yana sa su yi baƙi su dusashe. Haka nan akushi da muciya da ƙwarya da ludayin duma, zafin yana tsaga su. Kulolin abinci ma ya ce a wanke su da hannu, domin ruwa yana iya shiga tsakanin bangonsu. Sabulun ruwa na wanke-wanke da garin omo kuwa haramtattu ne a cikin injin, saboda kumfarsu tana cika shi ta yi ambaliya har ta kai ga wayoyin da ke ƙasa.

Ya kuma duba abubuwa biyu da ba cikin injin suke ba amma rayuwarsa ta dogara da su. Ɗaya shi ne ƙarfin ruwa, domin yawancin injinan suna bukatar aƙalla rabin 'bar' a ma'aunin matsin ruwa, kuma tankin sama sai ya yi tsayin mita 5 sama da injin kafin ya ba da hakan. Gidan da tankinsa yake kan gajeren ƙarfe zai ga injin yana jinkirin cika ko yana tsayawa, kuma maganin shi ne ƙaramin famfon ƙara ƙarfi. Ya kwance tiyon shigar ruwa ya nuna mini wata 'yar raga a bakinsa da yashin burtsatse ya kusa toshewa, ya wanke ta. Ɗayan shi ne wuta. Hitar injin tana jan kusan wat 2000, abin da ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, kuma yawancin inbatocin gida ma ba a tanade su domin haka ba. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wanki a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ruwan dattin da ya tsaya a ciki ba ya daɗewa yake yin tsami, don haka da zarar an kawo wuta a bari injin ya ƙarasa ko a sa shi ya zubar da ruwan.

Inda suka gaza kuwa, na farko shi ne batun kuɗi. Ba su faɗi farashi a waya ba, suka ce sai sun gani, kuma bayan an gama sai aka haɗa kuɗin aiki da na gishiri da na magani a baki ɗaya ba tare da an rarrabe ba. Jimillar ba ta yi tsada ba idan aka auna ta da aikin da aka yi, amma mai gida yana da haƙƙin ya san nawa ne na kaya, nawa ne na hannu, kuma sai da maigida ya nema kafin aka rubuta masa a takarda. Ba su bar wata shaida ta abin da aka yi da ranar da aka yi ba, kuma matakin da aka saita wa ruwa ni ce na rubuta shi da kaina a bayan littafin injin. Sun kuma makara sosai daga lokacin da suka sa, ba tare da sun kira sun sanar ba. Abin da ya fi damuna shi ne kayan canji. Dattijon ya faɗa da bakinsa cewa ba su ajiye famfo ko hita ko robar ƙofa ba, kuma duk abin da ya lalace sai an aika Kano ko Legas, a jira. Wannan ba laifinsu ba ne su kaɗai, tun da injinan ba su yi yawan da za a tara kayansu ba, amma ya kamata mai shirin saye ya sa shi a lissafi, ya zaɓi samfurin da ake samun kayansa a ƙasar nan. Na kuma so a ce sun gwada wayar da ke kai wuta ƙasa a soket ɗin, domin inji ne na ƙarfe da ke haɗa ruwa da lantarki, kuma yara suna taɓa shi. Da na yi maganar sai ya ce aikin mai wayarin ne, wanda gaskiya ne, amma da ya fara ambata shi da kansa da ya fi.

A kan shawara guda ɗaya na ɗan saɓa da shi. Ya ce a riƙa barin ƙofar injin a buɗe kaɗan bayan wanki domin ya sha iska, kuma hakan yana da amfani wajen hana wari. Sai dai a lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina a garin nan, kuma ɗumi da laima suna jawo kyankyasai, waɗanda kan shige har cikin allon lantarkin injin. Abin da na ga ya fi dacewa da mu shi ne a buɗe na ɗan lokaci har tururi ya fita kuma ciki ya bushe, wanda ba ya ɗaukar lokaci a busasshiyar iskarmu, sannan a rufe.

Sakamakon aikin ya bayyana tun daga wankin farko. Warin ya tafi, ƙasan injin ya daina tara ruwa, kwanukan sama suna fitowa tas, kuma farin hazon ya bar yawancin kofunan. Wasu 'yan kaɗan ba su dawo ba, kuma ya riga ya faɗa cewa gilashin da fuskarsa ta riga ta ciwu ba ya gyaruwa, ko da me aka wanke shi. Yawancin abin da suka yi, uwargida ko mai taimaka mata za ta iya yi ba tare da an kira kowa ba: wanke filta kowane mako, duba hudojin hannayen fesa ruwa da goge robar ƙofa kowane wata, ƙara gishiri da ruwan sheƙi (ruwan da ke sa kwanuka su bushe ba tabo) idan fitilarsu ta kama a jikin injin, da wankin cire ɓawo bayan wata ɗaya ko biyu gwargwadon ruwan gidan. Dattijon bai ɓoye wannan ba, ya ma tsayar da mai aikinmu ya sa ta cire filtar ta mayar da hannunta har ta ji ƙarar kullewarta, yana ce mata: "'Yata, idan ba ki ji wannan ƙarar ba, kada ki kunna." Buɗe famfo da kwance tiyo da sake gwada ruwa su ne suke bukatar mai sana'a, kuma a ganina sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, ɗaya daga ciki bayan Babbar Sallah, lokacin da kitse ya fi shiga injin. Duk wanda zai kira su ya tsayar da farashi tun a waya, ya nemi a rubuta masa sakamakon gwajin ruwa da matakin da aka saita, kuma ya yi odar gishirin injin da yawa tun da wuri, domin ba kullum ake samunsa a manyan kantunan garin ba.